Hoton Da Ka Sa Aka Goge

Zuwa ga maigidana, Malam, Baban Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda mace take yi wa mijinta, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, ƙasa ta yi maka sauƙi. Mu nan Fagge muna nan yadda ka bar mu, sai godiyar Allah. Na fita takaba lafiya. Hafsa ta koma ɗakinta a Rijiyar Lemo, amma kullum sai ta leƙo. Ita ce ma ta ce in rubuta abin da ke cina, ta sa a shafinta, wai ko zuciyata za ta yi sanyi. Na san da kana nan cewa za ka yi, “Amarya, sirrin gida a waya?” To ka yi haƙuri, yau kam sai na faɗa.

Malam, fuskarka ta fara ɓace mini.

Muryarka tana nan. Gyaran muryar da kake yi a soro kafin ka yi sallama yana nan, har yanzu idan an idar da Azahar ina kasa kunne. Amma idan na rufe ido don in gan ka, sai in ga hula, in ga tabarau, in ga farin gemu, tsakiyar kuma ta ƙi haɗuwa. Abin yana ba ni tsoro ƙwarai. Ban taɓa zaton mutumin da na tsufa a gidansa zai suɓuce mini da wuri haka ba, kuma ba ni da abin da zan duba in tuna.

Ka san dalili, kai ka jawo. Tun da aka kawo ni gidanka ba ka yarda a ɗauke ka hoto. Ka ce haka ka tashi ka ga mahaifinka, shi ma haka ya ga nasa, kuma ba za ka zama na farkon da zai sauya ba. Na sha ce maka ga manyan malamai nan a talabijin fuska tar, sai ka ce, “Su da nasu malaman, ni da nawa.” A makarantar da ka koyar da tarihi, da zarar an jera kujeru za a ɗauki hoton malamai sai ka tuna kana da alwala. Ranar bikin Hafsa kuwa a masallaci ka wuni. Ni ma ban taɓa damuwa ba, har taƙama nake yi a cikin mata cewa mijina mai tsantseni ne.

Akwai na jikin katin ɗan ƙasa, wanda ka ce lalura ce ta sa. Na ɗauko shi na duba har na gaji. Wannan ba kai ba ne, Malam. Wani mutum ne da ya ɗaure fuska kamar an gurfanar da shi gaban alƙali.

Abin haushin shi ne wayarka cike take da hotuna. Hafsa ta buɗe mini ita bayan sadakar arba'in, muka zauna a tabarma muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ganuwa, ƙofa, rijiya, hasumiya, gada, teku. Duk yawon da muka yi yana ciki, amma babu kai, babu ni, babu ko ɗan adam ɗaya.

Ka tuna yadda yawon ya fara? Satin da ka yi ritaya ne. Ka dawo ka zauna a tsakar gida kana kallona ina tsince shinkafa, ka ce ka ƙare ƙuruciyarka kana ba yara labarin wuraren da rabinsu ba ka taɓa sa ƙafa ba, yanzu za ka je, kuma da ni za ka je. Na yi dariya har sai da na ajiye farantin. Ni da iyakacin tafiyata Kantin Kwari sarin atamfa, sai ko biki a Bichi? Maƙwabta suka ce tsufa ya zo wa Malam da yarinta. Ƙanwarka ta ce mutum da jikoki ya sa tsohuwa gaba yana zaga gari kamar Bature. Ko a jikinka.

Daura muka fara zuwa. Mai kula da rijiyar Kusugu ya zura guga ya ba mu muka sha, ni kuwa sai leƙe nake ko macijin labarin ya bar jika a ciki. Ka tsaya da waya a hannu kana jiran mutane su watse. Wasu 'yan makaranta suka cika wurin, ka jira. Suka fita wasu mata suka shigo, ka jira. Ƙafata har ta yi tsami kafin ka samu rijiyar ita kaɗai.

A Katsina ka sa ni hawan Gobarau da gwiwoyin nan nawa. Ina hawa ina mita, kana gaba kana ba ni tarihi kamar wata 'yar ajinka. Da muka sauko na jingina da jikin ginin ina haki, sai ka ɗaga waya ka ce, “Matsa, Amarya, kin shiga hasumiya.” Na matsa. Wallahi da na san abin da ke tafe da ban matsa ba, da sai dai mu yi rigima a gaban Katsinawa.

A Zariya akuya ce ta hana ka ɗaukar ganuwa. Ta hau kan tudun ta kwanta tana tuƙa, ka kore ta ta dawo, ka sake kora ta dawo. Na ce haba Malam, ita ma hukuncin ya hau kanta? Ka ce ai mai rai ce. Dariyar da na yi ranar har wani mai faci a bakin titi sai da ya taya ni.

Sai babbar tafiyar, wadda ka daɗe kana shiri. Muka shiga jirgin ƙasa a tashar nan ta kusa da mu, wadda muka shekara muna jin kukan jirginta daga ɗaki ba mu taɓa hawa ba. Na yi mana dambun nama da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa kamar masu tafiya Hajji ta ƙasa. Jirgin yana tafiya yana tsayawa, zafi kamar gidan burodi, kai kuwa fuskarka a taga. Da muka zo gadar Jebba ka tashe ni daga gyangyaɗi don in ga kogin. Na ce na gani, na koma barcina. Ka yi fushi na ɗan lokaci, dambun nama ya shirya mu.

Daga Legas muka wuce Badagiri. A wani ɗan ɗaki aka nuna mana sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su, mai yi mana bayani ya ce ka ɗaga ɗaya ka ji. Ka ɗaga da hannu biyu, ka ajiye a hankali. Duk surutun nan naka sai ya ɗauke. Muka shiga kwalekwale muka haye, muka bi hanyar yashin da ake kora su har bakin ruwa. Sai da muka juyo ka ce, “Na faɗi wannan a aji da alli a hannuna, ashe ban san nauyinsa ba.” A nan ne kaɗai ban ga ka fito da waya ba.

Washegari ka ce tarihi ya isa haka, bari a huta. Ka kai ni wani wurin shaƙatawa a bakin teku, mai bukkokin ganyen kwakwa da kujerun kwanciya. Ni kunya duk ta ishe ni, ga mutane rabi tsirara, ga ni da hijabi har ƙasa, ga ka da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ɗanɗana ruwan a ɓoye don in tabbatar da gishirin da ake faɗa, ka kama ni ina tofarwa. Ruwa ne iya ganin ido, Malam. Na tsorata, na kuma ji daɗi, ban san wanda ya fi yawa ba.

A nan muka haɗu da Maman Obinna. Muna gardama a kan inda alƙibla take, sai muka ji daga bukkar kusa an ce, “Kai, mutanen gida! Daga Kano?” Muka waiga, sai ga mace Inyamura, ƙatuwa, fara'a kamar ta san mu tun tuni, Hausa a bakinta ta fi tawa. A Sabon Gari aka haife ta, a kasuwar Sabon Gari take sayar da tukwane da kuloli. Sun zo bikin 'yar uwar mijinta ne suka tsaya hutawa. Muka yi ta mamaki, ga mu titi ɗaya ya raba unguwanninmu, sai a ƙarshen ƙasa Allah ya haɗa mu. Mijinta ya saya mana gasasshen kifi, kuka zauna kuna hirar yadda Kano take a da.

Da la'asar ka ce mu matsa kusa mu taɓa ruwan da ƙafa, don kada mu koma gida a ce mun ga teku daga nesa. Ka tuɓe takalmi ka riƙe, ka tattare riga. Ƙananan igiyoyin suna zuwa suna lasar ƙafarmu suna komawa, har muka saki jiki. Sai ga wata babba ta taso ba sallama. Ta buge mu har ƙugu, yashi ya zame a ƙarƙashina, na yi salati da ƙarfi. Ka cafke hannuna. Tun da muke, ba ka taɓa riƙe hannuna a gaban mutane ba sai ranar. Hularka ta faɗa ruwa, kana ta dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ka yi ba ko a ɗaki.

Muna fitowa jiƙe sharkaf, Maman Obinna ta taho da gudu tana ɗaga waya, tana cewa ta kama mu, ta kama mu, hoton ya yi kyau kamar na kalanda. Nan take fuskarka ta koma ta malamin makaranta. Cikin ladabi ka yi mata bayani, ka roƙe ta ta goge. Baiwar Allah ta rikice, ta yi ta ba da haƙuri, ta ce ba ta sani ba. Ta miƙo mini wayar ta ce ko Hajiya za ta gani kafin a goge. Na kalle ka, na ji nauyinka, na ce a'a, ba komai. Ta goge a gabanka. Ko kallo ɗaya ban yi masa ba.

Bayan mun dawo ba a daɗe ba ciwon ya taso. Ba zan tsaya ba ka labarinsa ba, ka fi ni sani. Hanta ce, likitoci suka yi iya yinsu. Na ga mutumin da ya hau Gobarau yana waiwayena ya koma sai an tallafe shi zuwa banɗaki. Kumatunka suka zurma, idanunka suka yi rawaya, rigunanka suka yi maka yawa. Ba ka taɓa ƙorafi ba, sai dai ka sa na cire madubin ɗakinka ka ce yana ɗauke maka hankali a salla. Na yarda da kai a lokacin.

Duk tsawon takabata hoton nan ne a raina. Ina cewa a zuciyata, wa ya sani, ko ba ta goge da gaske ba. Ko ta riga ta tura wa mijinta. Yaran yanzu sun ce abin da aka goge a waya ba ya tafiya gaba ɗaya, akwai inda yake maƙalewa. Na san ka hana. Na yi ta istigfari a kan wannan kwaɗayin, amma ya ƙi barina. Lambarta kuwa ban karɓa ba, mun rabu a kan za mu nemi juna, ka san yadda irin wannan alkawarin yake.

Satin da na fita, na sa mayafi na tsallaka Sabon Gari ni kaɗai, ko Hafsa ban gaya wa ba. Na shiga layin 'yan tukwane ina tambaya rumfa rumfa. Wani ya ce ta tashi, wani ya ce Maman Obinna ai sun fi a ƙirga, wacce daga ciki? Rana ta take, ƙafata ta kumbura. Har na juya zan tafi sai na ji muryar nan tana ciniki da wata mata a kan kula. Tana ganina ta gane ni. Ta kalli fuskata, ta kalli bayana ba ta gan ka ba, sai ta dafe ƙirji ta zauna a kan kwali. Nan take ta fara kuka.

Ta ba ni kujera, ta aika aka kawo mini ruwan sanyi. Da na samu bakin magana na tambaye ta hoton. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Hajiya, ke ma?”

Malam, ashe ka riga ni zuwa.

Ta ce wata rana da hantsi ta ga wani dattijo ya tsaya a bakin rumfarta yana dogara sanda, ba ta gane ka ba sai da ka yi magana. Ta ce kun gaisa, ka tambayi maigidanta da yara, ka yi ta kewaye-kewaye kana taɓa murfin tukwane, sannan ka sunkuyar da kai ka ce, “Madam, hoton nan da na sa kika goge, babu yadda za a yi ya dawo?” Ka ce ba don kanka ba ne. Ka ce, “Hajiya ce. Zan bar ta ba abin dubawa.”

Wayar tana hannunta har lokacin. Ta rufe rumfa da rana tsaka, ta sa ka a adaidaita sahu, kuka je wurin masu gyaran waya. Suka buɗe, suka jona a kwamfuta, suka yi ta bincike kana zaune a benci kana jira. A ƙarshe suka ce ya daɗe da tafiya, wasu abubuwan sun hau kansa. Ta ce sai ka ce Allah bai nufa ba. Da kuka koma rumfar ka ƙi tafiya hannu rabbana bayan ka ɓata mata ciniki, sai ka sayi ƙaramar kula.

Na tuna ranar, Malam. Ka ce mini za ka je aski. Ka daɗe har na fara leƙa ƙofar gida, ka dawo ba askin, numfashinka sama-sama, da kula a leda. Na hau ka da faɗa, na ce mutum ba lafiya ya tafi yawon kasuwa, kuma me za mu yi da kula bayan ga su nan jere a kabad. Ka ce ta ba ka sha'awa ne kawai. Ka kwanta, ba ka ƙara fita da ƙafarka ba.

Na roƙi Maman Obinna ta gaya mini yadda hoton yake, tun da ita ta gan shi. Ta share hawaye ta gyara zama. Ta ce ruwa ya kai mana ƙugu, takalmanka a hannun hagu ka ɗaga su sama, hannun dama riƙe da nawa. Kanka ba hula, furfura a waje. Bakinka a buɗe, har wushiryarka ta fito. Ni kuma na runtse ido na yamutsa fuska kamar an ba ni maɗaci. Tana faɗa ina ƙoƙarin haɗawa. Wushiryar ta dawo mini, na gode mata da wannan. Sauran ya ƙi zama.

Har na miƙe zan tafi ta riƙe mayafina, ta ce akwai saura, ba ta san ko ya kamata ta faɗa ba. Ta ce da masu gyara suka kasa, ta ce maka, Malam, abin ai mai sauƙi ne, ga waya ga ka, tsaya in ɗauke ka yanzu in tura wa Hajiya. Ta ce ba ka ƙi ba. Ka jingina sandarka da tukwane, ka gyara hula, ka ja wuyan riga, ka tsaya. Ta ɗaga waya. Sai ka hango kanka a jikin wata sabuwar tukunya mai sheƙi da ke rataye. Ka daɗe kana kallo. Sannan ka ɗaga mata hannu ka ce, “Bari, Madam. Ba wannan fuskar nake so in bar mata ba.”

Haba Malam. Haba Baban Hafsa.

Wa ya gaya maka ba na son wannan fuskar? Ni na wanke ta da ruwan ɗumi kullum safe. Ni na shafa mata mai, ni na taje gemun, ni na ɗiga mata ruwan zamzam a leɓe ranar ƙarshe. Ka ɗauka ta bakin teku kaɗai na aura? Da ka tsaya, wallahi da na karɓa hannu biyu. Da zurmin kumatun, da rawayan idon, da komai. Ka yi shekaru kana hana ni saboda tsoron Allah, na haƙura. Ranar da ka sauko kuma sai ka hana ni saboda kunyata. Wannan ta biyun ta fi yi mini ciwo, kuma ba ka nan balle in yi maka mita ka yi dariya.

Ban yi fushi ba. Na yi kuka a rumfar mutane har masu ciniki suka taru, Maman Obinna ta rako ni har bakin titi ta tsayar mini da abin hawa. Yanzu takan zo gidan, ta zauna mu yi hirarka. Na san ka tsallaka titin nan da ciwo a cikinka, ka ajiye abin da ka riƙe tun kana yaro, ka roƙi baƙuwar mace alfarma, duk saboda ni. Ba ka taɓa gaya mini kana sona da baki ba, irin tarbiyyarku ba ta ba da wannan ba. To na ji, Malam. A bakin mai sayar da tukwane na ji.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka makwancinsa. Abin da ya bari don tsoronka ka ba shi ladansa, abin da ya so ya yi don tausayina kada ka kama shi da shi. Ka mayar masa da lafiyarsa da ƙarfinsa a gidan da ba a ciwo. Ni kuma ka ba ni haƙurin abin da ya rage mini, ka sa in cika da imani. Idan ka tashe mu, ka haɗa ni da shi, kuma ka sa in gane shi tun daga nesa.

Ka huta lafiya, Malam.

Taka har gobe,
Saude, wadda kai kaɗai kake ce wa Amarya,
Fagge, Kano.